Shelar da Yaya Haruna ya warware

Shekara shida ke nan da rasuwar wana Haruna, amma har yau in na ga buhu, bakinsa nake fara dubawa. Shi ya ɗora mini wannan ciwon.

Aikinsa a masana'antar sukari tsayuwa ne gaban makana, injin da ke cika buhu ya ɗinke bakinsa. Mutum ne mai haƙuri da kowa, ban da karkataccen ɗinki. Da yana raye ya ga yadda masu kanti a garinmu Suki ke ƙulla sukari a leda yanzu, wallahi da sai an riƙe shi.

Halin nan ya kusa cinye mini aure. A nan ƙasar, ango kan aika shela gidan amarya, wato buhunan sukari da fulawa da su mai, kuma dole su isa a rufe kamar yadda suka fito daga masana'anta. Ana gobe za a kai tawa shelar, Yaya ya zagaya buhunan, ya ja tsaki. Wai ɗinkin abokin aikinsa ne, duk ya karkace, ba zai kai abin kunya gidan surukai ba. Ya warware su kaf, ya sake ɗinkewa da basilla.

Kash! Gwaggon amarya, Hajja Sakina, tana ganin ɗinkin hannu ta ce an ɗibi sukari, a kwashe kaya, an fasa. Ni kuwa ina son amaryar, Asiya, ba kaɗan ba.

Yaya ya durƙusa ya ce, "Hajja, ki duba da kyau. Ɓarawo yana da lokacin yin ɗinki haka?"

Ta bi zaren da yatsa har ƙarshe. Can ta ce, "To, ɗana, na karɓa. Amma duk kaka kai za ka ɗinke mini buhunan dawata."

Haka ya yi ta yi har ya kwanta ciwo. Masana'antar ta tsaya, shi kuwa ya rasu bai bar gadon gida ba, bai bar na gona ba. Auren nan dai yana nan, da 'ya'ya cike da tsakar gida, kuma kewar Yaya na damuna.

Ranar da ya rasu, Hajja Sakina ta hana tela taɓa likkafaninsa. Ta zauna da allura, ido duk hawaye, maza na jira a waje. Da aka matsa mata ta ce, "Ku bar ni in yi a hankali. In ya karkace, mutumin nan tashi zai yi ya warware."

Allah ya jiƙan Yaya.