Kaset ɗin Matar Ɗana

Bara, bayan ƙaramar salla, jikata ta fara shigo da wani ganye gidan nan. Ƙanana ne masu ƙamshi, ta ce a shagon Malabarawa, wasu mutanen Indiya, ta sayo. Da ta jefa su a mai mai zafi, ƙamshin ya fito daga kicin ya same ni ina tsintar shinkafa. Na ajiye tiren. Shekara ashirin ba a soya ganyen nan a gidana ba, kuma ni na hana.

Mu Hausawan Sudan ne. Ina yarinya aka kawo ni Jidda, a unguwar Waziriyya na yi aure, a nan na tsufa. Ɗana guda ɗaya ne, direba a gidan wani kafili, wato mai ɗaukar nauyin zaman baƙo, a Abhur can gefen gari. A can ya haɗu da matar da ya aura, Ba'indiya, Musulma daga ƙasar Malabar, tana yi wa matan gidan ɗinki. Ban hana auren ba, amma ban sake mata fuska ba. Larabcinta guntu-guntu ne, Hausa kuwa babu. Idan ta yi girki sai in ce kwakwa ta yi yawa, in tashi in tuƙa asidata, tuwonmu na Sudan. Idan ta shafa wa jaririyar man kwakwa a ka, sai in ɗauke ta in wanke. Ba ta taɓa mayar mini da magana ba. Yarinyar na da shekara uku ciwo ya kwantar da uwar, wata biyu Allah ya karɓi abinsa.

A lokacin, mu da ba mu yi nisa a karatu ba, da kaset muke aika wasiƙa. Ka zauna gaban rikoda ka gaishe da kowa da sunansa, ka ba mai tafiya ya kai. Su ma mutanensu haka suke yi. Kafin matar ɗana ta kwanta ta ɗauki kaset ɗaya don mahaifiyarta, ba ta samu aikawa ba. Ya zauna a kan taga.

Tsoro ne ya shige ni bayan rasuwar. Na sa a raina danginta za su nemi yarinyar, su tafi da ita wata ƙasa da ban san ko ina take ba. Wani mai sayar da shayi ɗan garinsu ya zo ƙofa sau biyu, ya ce kakar yarinyar tana neman hoto da labari. Na biyun na ce masa uban ya tashi da ita zuwa Riyad. Bai sake dawowa ba. Ɗana yana Abhur, sai Juma'a yake zuwa, lambar wayar dangin matar da yake da ita kuma ta wani maƙwabcinsu ce, daga baya ta daina shiga. Ban gaya masa zuwan mai shayi ba.

Wata rana wata maƙwabciya za ta tafi Sudan, ina so in aika wa ƙanwata saƙo, babu sabon kaset a gidan. Na ɗauki na kan taga. Na san na wane ne. Na sa shi a rikoda na danna jan maɓalli na fara gaisuwa. Na yi nisa ina jero sunaye sai yarinyar ta shigo da rarrafen wasa ta hau cinyata, na kasa ci gaba. Na kashe. Ban aika ba, ban kuma jefar ba. Na naɗe shi a ɗankwali na tura ƙarƙashin akwati.

Haka yarinyar ta tashi tamu. Ta iya tuƙa asida, tana jin Hausa sarai amma idan za ta amsa rabi Larabci ne. A makaranta ana kiranta Bahindiya saboda gashinta, ta dawo da kuka, in ce mata ƙarya suke, ke Bahaushiya ce gaba da baya. Da ta girma ta samu aiki a wani ɗakin shan magani, tana rubuta sunayen marasa lafiya. A can ta yi ƙawa, wata nas Bamalabariya. Daga nan ganye ya fara shigowa, sai kwakwa, sai wani littafi mai rubutu zagaye-zagaye kamar an zubar da awarwaro. Tana zaune da la'asar tana kwaikwayon baƙaƙen a takarda.

"Wannan zanen lalle ne ko karatu?" na ce mata.

"Karatu ne, Habboba. Ke dai kin tsufa, ba ki gani." Habboba take kirana, wato kaka a bakin mutanen Sudan.

"Na ga dai kin ƙona mana albasa jiya saboda shi."

Ta yi dariya, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Habboba, yaya muryar mamata take? Siririya ce ko ya'ni irin tawa?"

Na ce na manta. Kwana uku ina salla da wannan ƙaryar a bakina. Ran na huɗu, bayan azahar, na jawo akwatin na kira ta. Na gaya mata komai, har mai shayi, har Riyad. Ban yi wa kaina kwaskwarima ba. Ta riƙe kaset ɗin da hannu biyu.

"Leish, Habboba? Don me?"

"Tsoro nake kar a raba ni da ke."

"To ai kin raba ni da su."

Gaskiya ta faɗa. Sati guda tana gaishe ni, tana ba ni maganina, amma babu wasa. Ran Juma'a ta sa ubanta ya kai ta kasuwar tsofaffin kaya suka samo rikoda. A mota ta gaya masa. Da ya shigo bai dube ni ba, ya zauna bakin ƙofa. Ƙawarta nas ta zo don ta fassara. Na ce bari in ba su wuri, jikata ta ce, "A'a, zauna. Ke ma ki ji."

Muryata ce ta fara fitowa, da ƙarfinta na da. Ina gaida ƙanwata, ina gaida mijinta, ina tambayar ko akuyarsu ta haihu, ina ba da labarin zafin Jidda. Ban taɓa jin surutu marar amfani irin wannan ba. Kowace gaisuwa na san tana kwance ne a kan maganar wata. Aka ji ƙarar yarinya, aka ji ƙas. Shiru kaɗan. Sai wata murya a hankali, mai ɗan kauri, tana magana da sauri kamar ruwa a kan kwano. Kalma ɗaya na gane, Umma. Jikata ta dafe bakinta.

Abin da ya rage bai fi minti goma ba. Aka mayar da shi sau uku, nas tana fassarawa. Marigayiyar ta ce wa mahaifiyarta yarinya ta fara haɗa magana. Ta tambayi ko an gyara rufin ɗaki kafin damina. Ta gaida ƙanwarta, ta ambaci sunan masallacin unguwarsu da ke bakin kogi. Sannan ta zo kaina. Nas ta yi jim, jikata ta ce ta faɗa yadda yake.

"Ta ce tsohuwar ba ta cin abincinta, ba ta kuma yi mata dariya. Amma ta koya mata goyo da zani, kuma idan yarinyar ba ta da lafiya tsohuwar ba ta zama."

Da sunan masallacin da na ƙanwar aka yi nema. Wani ɗan'uwan nas ya bi ya tambaya, cikin wata biyu aka same su. Ƙanwar tana nan da 'ya'yanta. Kakar kuwa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. An ce har ta bar duniya tana sa masu zuwa Riyad su duba mata jika. Wannan ba abin da zan iya gyarawa ba ne, kuma ban ce wa kowa ya rage mini nauyinsa ba.

Yanzu jikata tana magana da innarta, ƙanwar uwarta, ta waya kusan kullum, da guntun yarensu da nuni da hannu. Tana shirin zuwa idan ta samu hutu. Ta dawo tana tsokanata, ko da yake ba kamar da ba. Jiya ta dafa kifi da kwakwa da ganyen nan, na ci, na ƙara. Da muka wanke hannu ta miƙo mini wayar.

"Yalla, Habboba. Innata ba ta san abin da ya faru ba. Ke za ki gaya mata da bakinki, ni in juya wa ƙawata da Larabci, ita ta fassara."

"Da Hausa?"

"Da Hausa. Ki danna nan, kar ki saki sai kin gama."

Na danna. Na yi sallama, na gaishe ta da mutanen gidanta, sannan na fara daga ranar da mai shayi ya zo ƙofa.