Baba Siriri da Kazar da Ba Gishiri

Duk wanda ya taɓa shiga babban kantin nan na bakin titi ya san mahaifina. Ka wuce layin madara, ka karya kwana wajen firij, za ka tarar da shi bayan gilashi da farar hula da safar hannu. Ƙaton mutum ne mai tumbi, amma kowa Baba Siriri yake ce masa, aikinsa ne kuma ya ja masa sunan. Shi ke yanka naman nan da kamfani ke sarrafawa, na talotalo da na shanu, wanda ke zuwa a naɗe kamar gungume. In ya ɗora shi a inji sai ka ga yanka na zubowa sirara-sirara, har kana hango yatsunsa ta ciki. Tun ina goye a bayan Inna yake wannan aikin.

Kantin ya yarda a ba mai saye ɗanɗano, Baba kuwa ya mai da ɗanɗanon na yara. Da yaro ya leƙo, sai ya naɗe yanka ɗaya ya miƙo ta saman gilashi ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗanɗana." Wasu da ya ba suna ƙanana yanzu da nasu 'ya'yan suke zuwa masa.

Da na haifi ɗana, wayyo, sai Baba ya rikice. Jikan fari! Yaro ko ido bai gama buɗewa ba, shi har ya fara tambayar yaushe haƙori zai fito. Mu Kumatu muke ce wa yaron, shi kuma "abokina". Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ba jikansa nama da hannunsa kamar yadda ya ba 'ya'yan mutane.

Ni kuma na riga na tambayi ma'aikaciyar jinya a asibitin yara, don na san halin ubana. Ta ce irin wannan naman gishirinsa ya yi wa ƙaramin yaro yawa, ga sinadarin hana lalacewa, kuma da yake a sanyaye ake cinsa yana iya ɗauke da ƙwayar cuta. In ya zama dole, a ɗumama shi har ya yi tururi, a yayyanka ƙanana don kar ya shaƙe shi, kuma jefi-jefi. Ta ce wanda aka dafa a gida ya fi. Ni dai "ya fi" ɗin nan na riƙe, sauran na bar mata kayanta.

Kumatu ya shige shekara, yana ta tatata a falo, sai ga Baba ya shigo da ƙunshin takarda yana washe baki. Kafin in ajiye tsintsiya har ya durƙusa ya naɗe yanka ɗaya.

Na ce, "Baba, don Allah kar ka ba shi!"

Ya ce, "Ke, da wannan na raine ki. Me ya same ki?"

Na ce, "Ni dai ba za a ɗura wa ɗana wannan tarkacen ba."

Bakina ke nan, ba ya jiran shawara. Baba ya miƙe a hankali, ya nannaɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya shafa kan yaron ya fita. Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke daga gidana. In na kira shi sai ya ce aiki ya yi yawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kan naman ban janye ba. Kumatu kuwa da an taɓa ƙofa sai ya ruga, in ya ga ba kakansa ba ne ya dawo yana turo baki.

Ana nan sai Inna ta kira ni tana faɗa. "Ke, me kika yi wa ubanki? Mun ci kaza ba gishiri har kunnena ya fara ƙaiƙayi!" Ashe tun daga ranar yake dafa ƙirjin kaza a gida, ba gishiri ba komai, yana koyon yankawa da wuƙa. Dokar kanti ta hana a ɗora naman waje a inji, shi kuma hannunsa inji ya sani. Inna ta ce na farko da ya yanka kaurinsa ya kai takalmin wanka, har ya yanke babban yatsa. Duk wanda bai yi masa ba, su ke cinyewa.

Ranar hutunsa da hantsi na ji ana buga ƙofa. Na buɗe, kai jama'a! Baba ne cikin cikakkun kayan aiki, farar hula, farar riga, safar hannu, da kula a hammata. Ko gaisuwata bai tsaya amsawa ba ya ce, "Ina teburin gugarki?" Ya kafa shi a tsakar falo, ya rage masa tsawo, ya shimfiɗa farar takarda. Ya ciro kaza tana tururi, ya wasa wuƙa, ya shiga yanka. Wallahi sirara, kamar daga inji! Ya ƙara yayyanka su mitsi-mitsi, ya hura har suka huce, sannan ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Uwar yaro, an yarda?"

Na ce, "Haba Baba, an yarda mana!"

Kumatu ya riga ya kama ƙafar tebur yana tsalle. Baba ya sunkuya ya ce, "Abokina, ga naka." Yaron ya karɓa, ya jujjuya, ya kai baki. Ni da Baba muka zuba masa ido. Ya tattauna, ya haɗiye, ya miƙo hannu yana "am, am!" Na buga ihu har maƙwabciyata ta leƙo ta taga tana tambayar lafiya.

Da ya karɓi na gaba sai ya tsotse shi, ya ciro daga baki jage-jage da yawu, ya miƙa wa kakansa. Na yi wuf zan karɓe, Baba ya tare ni da hannu. Ya durƙusa da tumbinsa da komai, ya buɗe baki, yaron ya cusa masa har da yatsu. Ya daɗe yana taunawa, hawaye na gangara cikin gemunsa.

Ya ce, "Kira min uwarki. Ki ce mata abokina ya ba ni abinci."