Hoton Baƙon da Na Tura wa Unguwa

Mu mutanen unguwar Kilomita Biyar muna da guruf na unguwa a waya. Nan ake sanar da rasuwa, da famfon da ya kawo ruwa, da isowar motocin Kamaru, da hanyar da bai kamata a bi ba a ranar. Tun bayan shekarun rikici, labarin hanya ne ya fi sa mu duba waya. Ni kuwa ina son a ce ni ce na fara kawo labari.

Wata Laraba da hantsi zan tafi rumfata ta atamfa, sai na ga wani mutum a layinmu, ta ɓangaren unguwar Yakite, da gicciye a wuyansa, yana ɗaukar hoton gidan da ke kallon namu. Na koma zaure na ɗauke shi hoto ta kafar ƙofa, na tura guruf tare da alamar taswira mai nuna wurin. Na rubuta cewa ga baƙo yana ɗaukar hoton gidajen Musulmi, a yi hattara.

Ban gama gyara mayafi ba babura suka cika layin. Maza suka zagaye shi, aka ƙwace wayarsa, wani ya shaƙe masa wuyan riga har maɓalli ya tsinke. Yana ta bayani da yaren Sango, babu mai sauraro.

Hayaniyar ce ta fito da mahaifiyata, tana dogara sanda. Ta ƙura masa ido, sai ta ambaci sunan uwarsa. Ashe a gidan da yake ɗaukar hotonsa aka haife shi. Sun tashi ne lokacin da kowa ke gudu, ni kuma ina gidan aure a wani gari. Yanzu uwar tana kwance ba lafiya, ta roƙe shi ya ɗauko mata hoton ƙofarta ta dā.

Aka mayar masa da waya, mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata ta shigar da shi, ta sa na kawo masa ruwa, ta ɗauko allura tana ɗinke maɓallin. Ta tambaye shi wane marar tunani ne ya tara masa jama'a. Ya ce bai sani ba.

Na ce, "Ni ce, Inna."

Ba ta ko ɗago kai ba. Shi ne ya dube ni, ya ce a hankali, "Madam, ai da kin tambaye ni."

Na goge hoton, amma ya riga ya tsallaka wasu unguwanni. Na rubuta gyara, kusan babu wanda ya tanka. Daga baya na ji an sake tare shi a wata tasha saboda hoton nan.

Da uwarsa ta rasu bayan damina, na raka Inna gaisuwa. Ya gaishe ni da ladabi, ya kawo mini kujera da kansa. Na zauna can baya, na kasa taɓa abincin da aka ajiye mini.