Kwanon Kopto da Kunnen Maigidana

Ko zan manta komai na zamanmu a unguwar Talladje, ban da ranar da na mayar wa maƙwabciyata kwanonta da abinci a ciki.

Bazabarmiya ce mai kirki, duk Juma'a sai ta aiko mana kopto, kwaɗon zogale irin nasu. Wata Asabar da safe maigidana zai tashi ya tafi shagonsa na ɗinki a Babbar Kasuwa, yana ɗago kai daga matashi sai amai. Ya ce ɗakin juyawa yake yi da shi. Na ba shi ƙwayar tsayar da amai da na saya wurin mai talla, ta dawo ko narkewa ba ta yi ba. Na ƙara wata, ita ma haka. Kaina ya kulle. Ni dai a sanina amai daga ciki yake, kuma kopton nan ya ci jiya. Ga ni da saurin hawa. Na ɗauki ragowar a kwanon na dire wa maƙwabciyar a ƙofa, ko sallama babu. A wurinmu kuwa kwano ba ya komawa wayam, balle da abin da ya kawo.

A asibiti lokotoro, wato likita, ya kwantar da shi, yana juya masa kai yana kallon idonsa.

"Lokotoro, cikin ne fa," na ce.

"Madam, kunne ne."

"Kunne kuma? Kunne ke amai?"

Ya yi dariya, ya ce ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin amai, ciki bi kawai yake yi. Can cikin kunne akwai abin da ke daidaita tsayuwar mutum, in ya rikice sai jiri ya zo, zuciya ta tashi. Ya sa aka yi masa allura, tunda ƙwaya ba ta zama. Rabin bayanin bai shige ni ba, sai na ce, "To abin da ya ci jiya fa?"

"Ke ba ki ci ba?"

Wallahi ni na ma fi shi ci.

Maigida ya warke. Na je na ba maƙwabciyata haƙuri, kunya kamar in nutse. Ta ce ba komai, muka ci gaba da gaisawa. Amma har muka bar unguwar, kwanon nan bai sake shigowa gidana ba. Tun daga ranar, in kaina ya ɗaure, likita nake tambaya kafin in ɗora wa wani laifi.