Malam Halliru Ya Yi Latti

Duk Tudun Kaya babu wanda ya taɓa jin Malam Halliru ya ce "ban sani ba". Shekara ashirin da biyu ya yi yana gadin firamare, kuma duk Turancin da ya faɗo ta tagar aji shi ya tsince shi. Da ya ajiye aiki sai ya zama ƙamus ɗin unguwa. Takardar magani, saƙon waya, rubutun jikin buhu, duk gindin darbejiyar ƙofar gidansa ake kawowa. Tsakani da Allah yakan dace sau da yawa. Inda bai dace ba kuwa sai ya ɗaga murya, don ya lura mutane sun fi yarda da fassarar da aka yi da ƙarfi.

Mutum ɗaya ne ya taɓa ƙure shi, ƙaninsa Yusha'u, wanda ya yi sakandare. Wata damina aka kawo takin tallafi, a jikin buhunan an rubuta "Not for sale". Halliru ya gyara tsayuwa ya sanar da jama'a cewa takin nan ba na Sale ba ne, ga shi nan a rubuce. Sale maƙwabcinsu ya hau rantse-rantse, shi bai yi wa hukuma laifin komai ba. Yusha'u ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai cewa aka yi ba na sayarwa ba ne. Dariyar nan ce ta raba su. Magana ta jawo magana har aka tono rabon gonar gado, Yusha'u ya kwashi iyalinsa ya koma Ruwan Bago wajen surukansa. Shekara tara, ko barka da Sallah ba ta haɗa su ba.

Sai ga auren Sa'adiya, autar Halliru, ya taso. Kowa ya san baffan yarinya ne waliyyinta, ita kuwa baffa ɗaya gare ta a duniya. Abin ya tsaya wa Halliru a rai. Yana kewar ƙaninsa ƙwarai, kuma ba ya son a ɗaura auren nan babu shi, amma ya gwammace ya haɗiye garwashi da ya je ban haƙuri. Matarsa Hajo ta yi ta fama da shi, ya hau babur ya je, ɗan'uwa rabin jiki ne. Ya ce shi kati zai aika, kuma da Turanci, don Yusha'u ya san har yanzu ruwa na maganin dauɗa.

Dama ya daɗe yana nazarin katunan bikin manya, ya ga da yawa sun fara da "The family of Late Alhaji" wane. Kalmar Late ba baƙuwarsa ba ce, latti ke nan, shi da ya tsufa yana tare 'yan latti a ƙofar makaranta. To me ya kawo latti gaban sunan attajirai? Ya yi tunani, tunani ya ba shi amsa: talaka ne ke sammako wajen taro, babban mutum kuwa jiransa ake yi. Ashe sarauta ce. Sai ya ɗora ta a gaban nasa sunan.

A Karaye, Kabir mai buga kati ya karanta abin da aka rubuto masa, ya ɗago kai.

"Baba, wannan kalmar fa..."

"Tun ba a haife ka ba nake jin Turanci. Buga."

Kabir ya buga. Katin farko Halliru ya ba wani direban Rogo mai bi ta Ruwan Bago ya kai wa Yusha'u, sauran ya kulle a akwati sai ranar Juma'a a raba.

Washegari da hantsi yana bayan rumbu yana ɓarar gyaɗa, sai ya ji salati da kuka a tsakar gida. Ya leƙo. Yusha'u ne durƙushe a gaban Hajo, kati a hannu, yana tambayar yaushe aka yi rasuwar, kuma wane irin laifi ya yi da za a binne yayansa ba a gaya masa ba. Ya ce ko a hanya bai tambayi kowa ba, don kunyar a ce mutum yana neman labarin mutuwar ɗan'uwansa a bakin bare. Hajo ta saki baki, muciya a hannu.

Halliru ya fito rungume da ƙwaryar gyaɗa. Yusha'u ya zabura ya ja da baya har ya taka akushi.

"Yaya? Ba ka rasu ba?"

"Da na rasu ai da ni zan fara sani."

Sa'adiya ce ta karɓi katin ta duba, ta ce a hankali, "Baba, in aka sa Late gaban suna, marigayi ake nufi."

Halliru ya buɗe baki. Fassara uku ya riga ya tanada, kowacce da hujjarta, kuma muryar ma ta taso. Sai idonsa ya faɗa kan gemun ƙaninsa. Furfura ce fal, wadda duk a bayan idonsa ta fito, ga hawaye na bi ta cikinta, kuma shi ake yi wa kukan. Tausayi da kunya suka kama shi.

"Ban sani ba," in ji shi.

Hajo ta rantse daga baya cewa shekararta talatin da biyar a gidan nan, ran nan ta fara jin maganar a bakinsa. Amma hali zanen dutse. Halliru ya ajiye ƙwarya, ya kama hannun Yusha'u ya riƙe gam, ya ce, "To kai fa? Daga Ruwan Bago zuwa nan, shekara tara kana hanya. A cikinmu wa ya yi latti?"

Yusha'u ya fashe da dariya, irin waccan ta ranar taki, har da riƙe ciki. Wannan karon Halliru ya bar shi ya yi ta har ya gaji.

Ranar ɗaurin aure, tun ba a shimfiɗa tabarmi ba waliyyi ya iso.