Sawun Inna Asta a Allon Salisu

Zinnira tana ajin firamare ta fara jin sunan kakarta. A asibitin Gwarzo ne, suna zaune a benci ita da mahaifiyarta Marka da tsohuwar da suka rako a duba mata gwiwa, sai ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce, "Asta Hambali." Zinnira tana waige-waige ta ga mai wannan suna, sai ta ga Innarsu ta Garo ta miƙe tana gyara mayafi. A hanyar gida ta ja zanin uwarta ta ce, "Ashe Inna tana da suna?" Marka ta dungure mata kai ta ce ta iya bakinta.

Iyayen Inna Asta makiyaya ne. A kan hanya aka haife ta, tsakanin wani mashekari da wani, shi ya sa in aka tambaye ta garinsu sai ta ce a je a tambayi shanu. Bayan ta auri Malam Hambali ne suka kafa gida a gefen Garo, lokacin da gonaki suka fara cinye burtali. Shanun suka yi ta raguwa, wasu ciwo, wasu kasuwa, har Malam ya rungumi garma ya koma noman dawa da gyaɗa. Ita kuwa ta yi shekaru tana ɗaukar ƙwaryar nono zuwa kasuwar Kabo a ƙafa. Fillancin bakinta ya zube a hanya, bai rage mata ba sai 'yan kalmomin da take yi wa awaki faɗa da su. Abu biyu ne dai ba su bar ta ba: rashin zama da kunya.

Rashin zaman nata kowa ya san shi. Mutanen gida suna cewa ƙafarta ba ta sami labarin an daina ƙaura ba. A tsaye take shan fura. In aka shimfiɗa mata tabarma, kafin baƙo ya gama gaisuwa ta tuna kaza ba ta shiga akurki ba.

Kunyar kuwa a kan ɗan farinta Hammadu ta tare. Ana yaye shi aka kai shi wajen kakarsa ta wajen uba a Jama'a, kamar yadda suka gada, can ya girma. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, in kuma wani mai irin sunan ya shigo gidan sai ya zama "mai sunan wancan". Da ya kawo ƙarfi ya bi motocin shanu zuwa kudu, ya zauna a wata kara, kasuwar dabbobi, yana dillancin raguna, zuwansa gida sai da dalili mai ƙarfi. Ko da ya zo rasuwar Malam, fuskarta na kallon bango ta amsa gaisuwarsa. In ya kira waya aka miƙa mata, "Lafiya lau, a gaishe su," shi ke nan ta mayar. Ba wanda ya ga aibu a haka. Ai haka uwa ta gari take yi a wajensu, matan Garo ma da ita suke yi wa 'ya'yansu misali.

Shekarar da Zinnira ta gama sakandare tana jiran sakamako, Marka ta tura ta Garo ta taya Inna aikin damina saboda gwiwar nan. A lokacin autan Inna, Kawu Salisu, ya samu tabilet daga ƙungiyarsu ta manoma, yana duba hasashen ruwan sama da labarin taki. Inna ta sa masa suna allo. A ɗakinta ake sa shi caji, domin a kan rufinta aka ɗora farantin sola, kuma Salisu ba ya tafiya da shi gona.

Wata rana bayan la'asar Salisu ya ɗaga murya a tsakar gida. "Ku zo ku ga Yaya ya zama ɗan fim."

Aka yi caa a kansa. Ga Hammadu a cikin allo, ya riƙe ƙahon wani rago fari yana kiran masu saye, yana buɗe masa baki a ga haƙori. Ashe shafi ya buɗe yana tallar dabbobinsa.

"Ikon Allah, Yaya har ya yi furfura," in ji Ummi, matar Salisu.

Inna ta miƙe ta kakkaɓe zani. "Awakin nan ba su sha ruwa ba," ta ce, ta nufi bayan gida. Zinnira ta bi ta da kallo, don da hannunta ta shayar da su ba da jimawa ba.

Bayan 'yan kwanaki Zinnira ta dawo daga ɗebo ruwa da hantsi, gidan shiru, Salisu na gona, Ummi ta shiga maƙwabta. Sai ta ji muryar namiji ƙasa-ƙasa daga ɗakin Inna, ana cinikin rago. Ta leƙa ta asabari. Inna ce zaune a bakin gado, allo a cinya, ko motsi ba ta yi. Zinnira ba ta taɓa ganin tsohuwar nan zaune haka ba hannunta babu aiki. Ta ja da baya a hankali, ta koma ƙofar gida ta sauke bokitin da ƙara, ta yi sallama. Kafin ta iso, Inna tana tsakar gida da tsintsiya.

Inna ba ta karatun boko. Ranar farko Salisu ne ya bar shafin a buɗe, ta lura da inda yake dannawa. Daga nan allon da kansa ya koyi halinta: tana taɓa shi zai miƙo mata Hammadu a sama, ba sai ta nema ba.

Abin da ya sauƙaƙa mata shi ya tashi tona ta. Wata magariba ana cin tuwo Salisu ya ce, "Allon nan ya samu matsala. In buɗe in duba ruwa, sai Yaya. In duba taki, sai ragon Yaya. Jiya har tallar motar kudu ya kawo mini, kamar na ce masa zan yi tafiya. Akwai mai kallon Yaya a gidan nan kullum."

"Ni dai ka san ba na taɓa maka kaya," in ji Ummi.

Salisu ya juya wajen Zinnira. "'Yar boko, ke ce?"

"Ni ce, Kawu," in ji Zinnira da sauri.

"Ke da ko a hanya kuka haɗu ba za ki gane shi ba? To, zan gani. Ai yana ajiye lokacin da aka kalli komai. Bari in huce gajiyar noman nan in zauna in bincika."

Da wasa ya faɗa, har yana dariya. Amma ludayin Inna ya tsaya a cikin miya. Zinnira ta san lissafin da take yi: duk hantsin da allon zai nuna, kowa ya san Zinnira tana bakin rijiya.

Da sassafe Inna ta ce wa Zinnira ta zo ta raka ta tsinko yakuwa a bakin gona. Suka yi nisa da gida tana gaba tana ɗingishi da sauri, ba ta tsinki ko ganye ba.

"'Yar nan, abin nan na Salisu, baki gare shi?"

"Ba shi da baki, Inna. Sawu yake riƙewa."

"Wane irin sawu? A kan gilashi?"

Zinnira ta yi tunanin yadda za ta faɗa. "Duk shafin da kika shiga, yana ajiye wata 'yar alama a cikin allon, kukis ake ce mata, don in kin dawo ya gane ki. Kamar yadda kuke tsaga kunnen saniya. To allon yana ganin alamar nan ta yi yawa a waje ɗaya, sai ya ce mai gidan nan abin da yake so ke nan, ya yi ta kawowa. Shi bai san hannun Kawu daban, na wani daban ba."

"Na wani," in ji Inna. Ta tsinki yakuwa ɗaya ta jefar. "Munafukin abu. Ana share sawun?"

"Ana sharewa. Amma Inna, in na share, ya manta ke nan. Ba zai ƙara kawo wa kowa shi da kansa ba, sai an gaya masa suna."

"Na tambaye ki wannan? Ki share."

Da hantsi suka yi aikin. Inna ta tsaya a bakin ƙofa tana sharar inda ba datti, ido a kan zaure. Zinnira ta shiga saitin burauza, manhajar da ake buɗe shafuka da ita, wajen sirri da tsaro. Ba ta goge komai gaba ɗaya ba, don da ta yi haka shafin ƙungiyar manoma zai fitar da Salisu, ya dawo yana neman lambar sirrinsa yana tambayar wa ya taɓa. Ta bi a hankali ta cire kukis na shafin Hammadu kaɗai, ta goge shi daga tarihi, ta kashe wurin da ke sa tallace-tallace su riƙa bin mutum. Da Salisu ya zauna bincikensa bai ga komai ba, ya ce wataƙila iskar allon ce ta wuce.

Washegari Inna ta kira Zinnira ɗaki, ba ta kalle ta ba. Allon na gado, fuskarsa fari fat sai hasashen ruwa.

"Ya lalace."

"Bai lalace ba, abin da kika ce ne. Ga wannan ɗan hoton lasifikar, ki danna ki faɗa masa abin da kike nema, yana jin magana."

Inna ta danna, ta kai bakinta kusa kamar mai raɗa. "Mai raguna. Na kudu."

Allon ya zubo masu raguna, dogo da gajere, har da wani mai ƙaton tumbi yana rawa da tunkiya.

"Wannan kuma ɗan wa ye? Ni na ce masa ya kawo mini wannan?"

Zinnira ta danne dariya. "Masu raguna a kudu ai sun fi gashin kai, Inna. Sunan kawai za ki faɗa. Zan fita, ba kowa a ɗakin."

"Ni fa? Ni ba na ɗakin?"

Daga ranar Zinnira ta karɓi aikin. Kafin ta tafi rijiya sai ta buɗe shafin sirri, wanda ba ya riƙe komai in an rufe, ta rubuta sunan, ta ajiye allon a gado ta fita. In ta dawo ta rufe. Ba su taɓa magana a kai ba. Iyakaci wata rana Inna tana tankaɗe ta ce, kamar da rariya take yi, "Wancan tari yake yi. Ƙurar dabbobi ce." Wata rana kuma, "Hular nan ba ta yi masa ba."

Haka suka yi har dawa ta fara fitar da kai. Sai sakamako ya fito, Marka ta aiko Zinnira ta dawo Gwarzo a fara neman makaranta.

Makon nan Inna ba ta bar kowa ya huta ba. Ta sauke ƙoren jerenta ta wanke, ta mayar, ta sake saukewa. Ta tafi Masanawa a kan gwiwar nan dubo wata mata da ta warke tun bazara. Ta kwance awaki ta canja musu turke ba dalili. Ummi ta ce wa Zinnira, "Tsohuwar taki kewarki ce ta kama ta tun ba ki tafi ba." Zinnira ta ce wataƙila.

Ta gwada dabaru. Ta zana haruffan sunan a ƙasa da tsinke, ta ce Inna ta haddace kamanninsu ta riƙa dannawa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta duba, ta sa ƙafa ta shafe. "Rubutawa ma kira ne." Ta ce to a roƙi Ummi, ai tana da riƙon amana. Inna ta yi mata wani kallo. "Surukata zan tsuguna wa in ce ta buɗo mini wancan? Boko ta cinye miki hankali."

"To Inna, abin nan ba shi da tsakiya," in ji Zinnira, ita ma ranta ya fara ɓaci. "In ya riƙe miki, Kawu zai gani. In ya ɓoye wa Kawu, ke ma ya ɓoye miki. Ni ban san wata hanya ba."

 Inna ta ɗauki ƙwarya ta fita, ta dawo ba komai a ciki.

Ranar tafiya mai babur ya iso da hantsi, yana ƙofar gida yana danna oda. Zinnira ta yi sallama da Ummi, ta shiga ɗakin Inna ta durƙusa. Tsohuwar tana tsaye ta ba ta baya, tana ɗaure mata daddawa da kuka a leda, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Can ta juyo ta zaro allon daga ƙarƙashin mayafinta ta ɗora mata a cinya.

"Ba a wancan shafin naki mai mantuwa ba," ta ce, idonta a kan ƙofa. "A na kowa. Zan fita in ba mai babur ruwa. Ki faɗa wa allon sunan, ki mayar masa da alamar tasa, ki ce ya riƙe da kyau. In Salisu ya gani, ya gani. Ke dai kada ki ƙara share mini shi."