Shekarar da Maman Blessing ta zama mai gida

A layinsu na Romi ba wanda bai san Naomi mai injin markaɗe ba, wadda ake kira Maman Blessing. Shekara ashirin da bakwai tana markaɗa wa unguwa wake da tumatir, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa kawo mata roba ta karɓa ba tare da tambaya ba. Wa za a dafa wa? Me ya sa tattasai ya fi albasa yawa? Halinta ke nan, sai ta ji gindin magana hankalinta ke kwanciya.

Mijinta Yohanna direba ne a wata masana'anta a Kudenda. Tun suna matasa suka yi aure a coci, suka sa hannu a rajista, suka gina ɗaki uku da hannunsu, shi yana kwaɓa siminti ita tana ɗebo ruwa. Bayan ya yi ritaya ne wata Asabar ya zaunar da ita ya ce ya musulunta, sunansa yanzu Zakariyya'u.

Ta yi kuka, ta yi kwana uku ba ta kula shi ba. A rana ta huɗu tambaya ta ci ƙarfinta.

“To yanzu ni matarka ce ko kuwa mene ne?”

“Matata ce mana, Maman Blessing.”

“A wane littafin?”

Shi ma bai sani ba. Ita kuwa ta kashe inji, ta ɗaura kallabi, ta fita neman amsa. Wata lauya 'yar cocinsu mai suna Joy ta ce aurensu na rajista yana nan daram, kuma in ta Allah ta kasance babbar kotu za ta saurare ta. Amma ƙanen mijin, wanda shi ya musulunta tun yana saurayi, zai iya kai maganar gado kotun shari'ar Musulunci, a yi shekaru ana jan wace kotu ce ke da hurumi. Daga nan Naomi ta wuce wurin malamin da mijin ke ɗaukar karatu a gunsa. Ya ce aure yana nan, amma ita da 'ya'yanta mata biyu ba su da gado a gidan, tunda addini ya bambanta.

Ta dawo gida. Gidan da ta ɗebi ruwan gininsa a ka, ashe wata rana za a iya nuna mata ƙofa.

Zakariyya'u ya ce abu ne mai sauƙi, zai ba ta gidan kyauta. Da suka je wa malam da maganar, ya girgiza kai. Ya ce kyautar gida ba ta tabbata sai wanda ya bayar ya kwashe kayansa ya fita, wadda aka ba ta riƙe makulli, kuma kada ya dawo da zama sai shekara ta cika. In ya dawo kafin nan, kyauta ta rushe.

“Wato don kada a kore ni, sai in kori mijina?” in ji Naomi.

Haka dai aka yi. A gaban shaidu ya miƙa mata takarda da makulli, ya kama ɗaki ɗaya a Mahuta, ya tafi da katifa da buta da rediyo. Ita kuma ta ja da'ira a kalandar coci da ke rataye kusa da inji, a kan ranar da shekara za ta cika.

Unguwa ta ɗauka. Matan zumuntar coci suka zo da Littafi Mai Tsarki don yi mata jajen mutuwar aure, suka tarar tana zuba miyar karkashi a kula za ta kai wa mutumin da suka zo zagi. Kullum da la'asar sai ta hau keke napep zuwa Mahuta, ta zauna ta sa shi gaba da tambaya: me ya sa ake wanke ƙafa a ƙarshe, me ake cewa in an sa goshi a ƙasa. Wanda ya sani ya amsa, wanda bai sani ba ya ce sai ya tambayo. Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ta roƙe shi ya dawo gida. Ya ƙi. Ta ji haushinsa ƙwarai, ta kuma ƙara sonsa.

Wata safiya tana tsakiyar markaɗe aka yi sallama. Ta leƙa ta gan shi a bakin get, katifa a ɗaure, buta a hannu, yana murmushi.

Ta ruga ta duba kalanda, ta dawo ta tura sakata.

“Baban Blessing, ka haukace ne? Saura kwana goma sha ɗaya!”

“Wata goma sha biyu cif, jiya na ga sabon wata.”

“Wane wata kuma? Ga det ɗin nan a kalanda na yi masa sakul da biro!”

Ashe shi da watan sama yake ƙirga, ita da kalandar bango, kuma duk tambayoyinta na shekara guda wannan ɗaya ce ba ta yi ba. Ya ce malam ya tabbatar masa. Ta ce malam ba shi zai kwana a titi ba. Ya sunkuya ya ɗauki katifarsa.

Ta kafar get take kallonsa. Ya rame, furfura ta cinye ƙeyarsa, katifar ma sai da ya yi yunƙuri biyu kafin ta hau kafaɗa. Ba ta san ƙirgar wa alƙali zai bi ba, ba ta ma san wane alƙalin ba ne. Karo na farko a rayuwarta ba ta ji tana son sani ba.

Ta zare sakata.

“Yohanna,” ta kira shi da sunan da ta yi shekara ba ta furta ba. “Shigo. In za su karɓe, su zo su same mu a ciki.”